Akanta Mai Cin Gashin Kansa: Me Yake Sayarwa?

  

Sharhinmu na yau a kan akanta ne. Akantan da muke nufi shi ne ƙwararre, wanda ya ci jarabawar sana'ar, ya yi wa wasu aiki na ɗan lokaci, yanzu kuma zuciyarsa ta raya masa ya buɗe ofishin kansa. Ya gaji da jiran albashin ƙarshen wata. Yana so ya ci gashin kansa.

Maganar ta shafi mutum biyu. Akwai shi matashin, ko ita matashiyar, da ke shirin kafa allo a bakin ƙofa. Akwai kuma Alhaji ɗan kasuwa, wanda wata rana zai shiga wannan ƙofar da takardunsa a leda. Duka biyun ina roƙon su ba ni aron kunnuwansu.

Bari mu fara da tambaya. Me akanta yake sayarwa? Mai shago yana da kaya a jere. Tela yana da ɗinki. Shi akanta in ka shiga ofishinsa, tebur ne da kujera da kwamfuta. To me ake biya? Amsar gajera ce. Sa hannunsa ake biya. Banki ya ga sa hannun nan, ya yarda da lissafin mutumin da bai taɓa gani ba. Hukumar haraji ta gani, ta karɓa. Magada su gani, hankalinsu ya kwanta. Jarin akanta sa hannunsa ne. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komowa kanta.

To, mu ɗan waiwayi baya.

Sana'ar nan a Najeriya tana da uba, marigayi Akintola Williams. Shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya zama ƙwararren akanta. Ya ci jarabawar a Ingila a 1949. Da ya dawo gida ya yi aiki a ofishin haraji na gwamnati. A 1952 ya ajiye aikin, ya buɗe kamfaninsa a Legas. Ku tuna zamanin. Turawa ne ke mulki. Manyan kamfanoni nasu ne, masu binciken littattafan kamfanonin ma nasu ne. Ina ɗan ƙasa zai samu aiki? Sai ya juya ga 'yan kasuwar gida. Daga cikin waɗanda ya fara yi wa aiki har da jaridar West African Pilot ta Dakta Nnamdi Azikiwe, da kamfanin sufuri na Ojukwu. Da su ya tashi. Ya rayu har 2023, ya rasu yana da shekara 104.

Abin lura a labarin nan guda ne. Mutumin bai tsaya gogayya a inda aka riga shi ba. Ya nemi mutanen da babu mai kula da su. Za mu dawo kan wannan ma.

Yanzu sai batun ƙofar shiga.

A ƙasar nan ƙungiyoyi biyu ne doka ta ba ikon yaye ƙwararrun akantoci. Akwai ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Akwai ANAN, wadda ta samu amincewar doka a 1993, mai kwaleji a Kwall ta Jihar Filato. Digirin jami'a kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan ɗayansu. Sai ya bi ta hanyarsu, ya ci jarabawarsu.

Ga inda matasa da yawa ke tuntuɓe. Zama ɗan ƙungiya daban, lasisin buɗe ofis daban. Ka ci jarabawa, an yi walima, an ɗauki hoto. Madalla. Amma kafin ka binciki littattafan kamfani ka sa hannu da sunanka, sai ƙungiyar ta ba ka lasisi da hatimi. Ba ta kuma bayarwa sai ka nuna ka yi zaman koyo a ƙarƙashin wani mai lasisi. Wannan zaman koyon kada ka raina shi. A can za ka ga yadda ake magana da maigida mai fushi. A can za ka ga yadda ake gano kuɗin da suka ɓace tsakanin rasit da banki. Ba a koyar da wannan a aji.

Bayan lasisi akwai sauran rajista. Hukumar CAC za ta yi wa sunan ofishinka rajista. Hukumar FRC, mai sa ido kan rahoton kuɗi, za ta ba ka lambar da ake sawa kusa da sa hannu. In za ka tsaya wa mutane kan haraji, akwai ƙungiyar masana haraji ta CITN. Akwai kuma sashen SCUML na hukumar EFCC, domin doka ta sa akantoci cikin masu sana'ar da za a iya bi ta hannunsu a halasta kuɗin haram. Na san suna da yawa. Na san akwai yawo da kashe kuɗi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gama su tun kana karɓar albashi, kafin ka miƙa takardar ajiye aiki.

Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram, ku ma kuna da taku ƙungiyar, ONECCA, kuma tsarin lissafinku na OHADA ne. Sunaye ne suka bambanta, ƙofar ɗaya ce.

To, an samu lasisi, an kama haya, an kafa allo. Sai babbar tambaya. Wa zai shigo?

A nan nake so mu daɗe, jama'a.

Matashi yakan yi mafarkin binciken littattafan banki, ko kamfanin siminti, ko na sadarwa. Ɗan'uwa, wannan kasuwar tana da masu ita. Manyan kamfanonin akantoci na duniya sun daɗe da kafa rumfa a can, kuma yawancin hedikwatocin suna Legas da Abuja. Sai matashin ya ce, to zan kama ƙananan kamfanoni, tunda dole su kawo rahoton odita kowace shekara. A da haka ne. Amma dokar kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa odita. Wato aikin da a da doka ke turo maka har ofis, yanzu ba lallai ya zo ba.

To ina kasuwar take? Tana nan kusa da kai. In a Kano kake, tana Kantin Kwari. Tana Singa. Tana Dawanau, inda ake lodin hatsi da riɗi zuwa ƙasashen waje. Tana Sabon Gari da Ƙofar Wambai. Tana wajen mai makarantar kuɗi a unguwarku, da mai kemis, da mai gidan burodi, da mai injin casar shinkafa. Tana wajen Hajiya mai sayar da atamfa da turare ta waya, wadda kuɗi ke shiga asusunta dare da rana, amma ba ta iya ce maka ga uwa ga riba. A nan, 'yan'uwa mata akantoci, kuna da damar da maza ba su da ita. Ku kuna shiga har ɗaki.

Kada kowa ya yi mini mummunar fahimta. Ɗan kasuwar Arewa ya iya lissafi. Ya iya shi tun kafin a haifi kakan akanta. Mutanen da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba sa bukatar a koya masu riba da faɗuwa. Akwai Alhajin da zai faɗa maka bashin da yake bin mutum hamsin, da ka, babu kuskure. Matsalar ita ce lissafin yana kansa. In kuma an rubuta, a littafi ɗaya ne, a aljihun yaron shago ɗaya.

Lissafin da ke cikin kai yana da ranaku huɗu da yake kunyata mai shi.

Rana ta farko, ranar neman jari. Ka je banki, ko na ruwa ko na Musulunci irin su Jaiz da TAJ, abin da za su fara tambaya shi ne takardu. Ba sa ba da kuɗi don an ce Alhaji mutumin kirki ne.

Rana ta biyu, ranar gobara, Allah Ya kiyaye. Mutanen Kano ba su manta da wutar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba. In wuta ta ci kaya ta ci littafin bashi, asarar ta zama biyu. Wanda kake bi ya samu hanyar mantuwa.

Rana ta uku, ranar fitar da zakka. Kashi biyu da rabi cikin ɗari ne, kowa ya sani. Amma na nawa? Sai an ƙirga kayan da ke shago da sito, an yi masu kuɗi, an haɗa da abin da ke banki, an duba basussuka. Malamai su ne masu hukunci, amma alƙaluman da za a ɗora hukuncin a kai aikin akanta ne.

Rana ta huɗu ita ce mai zafi, ranar rabon gado. Gidaje nawa muka sani da zumunci ya tarwatse a kan haka? Maigida ya rasu. Babban ɗa ne ke shago. Ƙannensa na wani ɗakin suna zargin an ɓoye wani abu. Wataƙila bai ɓoye komai ba. Amma da me zai kare kansa, tunda babu rubutu? Kasuwanci nawa ne suka bi masu su kabari? Ku duba unguwarku, za ku ƙirga da kanku. Kuma ai rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Malam akanta, wannan ita ce kasuwarka. Amma fa ba za ta zo ta same ka a ƙarƙashin fanka ba. Kai za ka je. Kuma in za ka je, ka bar dogon Turancin nan a ofis. Ka ce wa Alhaji, zo mu raba kuɗin shago da kuɗin cefane. Ka ce masa, zo mu san abin da yaro ya sayar yau da abin da ya shiga banki. Ka ce masa, zo mu gano wane kaya ke kawo riba, wane ne ke kwana da kuɗi. Wannan yaren zai ji.

Ka kuma sa ran zai ji tsoronka da farko. Yana da dalili. A tunaninsa, duk mai tambayar nawa ka samu, ɗan leƙen asirin masu haraji ne. Bahaushe kuma ba ya son a san ƙarshen aljihunsa, ko matarsa ba ya gaya wa. Don haka ka fara da ƙaramin aiki. Ka yi masa rajistar sunan kasuwanci. Ka daidaita masa littafin wata guda. Sannan ka kama bakinka. In labarin cinikinsa ya fita daga bakinka a majalisar shayi, ka gama aiki a layin nan gaba ɗaya. In kuwa ya ga shekara ta zagayo ba a ji komai ba, shi da kansa zai kama hannun maƙwabcinsa ya kawo maka. A kasuwa babu tallar da ta kai wannan. Dama ƙa'idar sana'ar ba ta yarda akanta ya yi tallar cika baki ba, ko ya kushe abokin sana'a don ya ƙwace masa aiki.

Sai batun haraji, a taƙaice.

A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026. Har sunan hukumar FIRS ya koma NRS. Jita-jita ta cika gari, 'yan kasuwa sun ruɗe. Wanda ya zauna ya karanta dokar da kansa, ya iya bayaninta da Hausa, ba zai rasa aiki ba. Sau da yawa abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke bukata shi ne a nuna masa sassaucin da doka ta yi masa, da takardar da zai kare kansa da ita. A nuna masa cewa mai sunan kasuwanci kawai, harajinsa na hukumar jiha ne, kamfani kuma na tarayya. Amma doka tana sauyawa. Akantan da ya daina karatu ranar da ya karɓi satifiket, da ilimin bara zai riƙa cutar mutane.

Mu juya ga aljihun shi akantan.

Abin dariya ne, amma gaskiya ne. Akwai akantan da ke gyara littafin kowa, nasa a hargitse. Kuɗin ofis da na gida duk asusu ɗaya. Malam, gyara naka tukuna. Ka kuma sani aikin nan yana da kaka yana da rani. Kamfani yana da wata shida bayan rufe shekararsa ya kai bayanan haraji, don haka wajen watan Yuni ba ka da lokacin barci. Bayan nan sai ka yi makonni waya ba ta yi ƙara ba. Mai gidan haya kuwa bai san rani ba, mai man janareta ma haka. Maganin abin shi ne ka nemi masu biyan ka wata-wata, ko da kaɗan ne. Shago goma masu biya duk wata sun fi kwangila ɗaya mai ƙiba da ba a san ranar biyanta ba.

Kowane aiki a rubuta yarjejeniya. Ga abin da zan yi, ga abin da ba nawa ba, ga kuɗina, ga ranar biya. Ka karɓi kafin alƙalami. Na san akwai kunya. Kawu zai zo, surukin yaya zai zo, kowa na cewa ai ɗanmu ne, ɗan duba mana. Ka taimaka inda za ka iya, zumunci ibada ne. Amma ka sani sa hannun kyauta da na kuɗi nauyinsu ɗaya a gaban hukuma. Kuɗin harajin mutane kuma kada ya kwana a asusunka. Mai shi ya biya da sunansa, ya riƙe rasit ɗinsa.

Yanzu mun zo inda sana'ar ke tsayawa ko ta faɗi. Ku ƙara matsowa kusa da rediyo.

Wata rana, ofis ya yi shiru, kuɗin haya ya gabato. Sai ga mota ta tsaya. Ɗan kwangila ne. Yana neman aikin gwamnati, an ce ya kawo rahoton odita na shekara uku da takardar shaidar biyan haraji. Jibi ake rufe karɓa. Ba shi da littafi, ba shi da rasit, kamfanin ma a jaka yake zaune. Zai ce maka, Malam, ba wani abu ba ne, ka ƙirƙiro alƙaluma ka buga hatimi, ga na goro. Kuɗin da zai ajiye sun fi abin da ka samu a wata uku.

Gobe kuma wani ne zai zo da akasin haka. Shi littafi biyu yake so. Mai ƙiba na banki, ramamme na masu haraji.

Babu akantan da ya buɗe ofis da wannan rana ba za ta zo masa ba. Mun ce jarin akanta sa hannunsa ne. To wannan mutumin jarin gaba ɗaya ya zo saye, a farashin haya ɗaya. In asiri ya tonu, shi zai ce ai ni ban iya boko ba, ga wanda ya rubuta. Sunanka ne a takardar. Lambarka ce a ƙasa. Ƙungiya tana da kotun ladabtarwa, tana kuma iya soke sunan mutum daga rajista. EFCC ma ba ta yi nisa ba.

Kada ka ce wannan sai ƙanana. A Amurka an taɓa yin wani kamfanin akantoci da ake kira Arthur Andersen. A lokacin yana cikin manya biyar na duniya, da ma'aikata dubbai a ƙasashe da dama. Shi ne ke binciken littattafan kamfanin makamashi na Enron. A 2001 Enron ya durƙushe, aka gano an daɗe ana rufa-rufa a lissafinsa. A 2002 kotu ta samu Arthur Andersen da laifin hana bincike, saboda lalata takardu. Ga abin mamakin. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Amma ina! Kafin nan masu hulɗa da shi sun watse. Kotu ta soke hukunci, kasuwa ba ta dawo ba. In haka ta faru da mai rassa a duniya, ina ga mai ɗaki ɗaya a kan titin Zoo a Kano?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, Malam, kana magana ne a ɗakin watsa shiri. In na ƙi, na gaba da ni zai yi, ni kuma in kwana da yunwa. Ban musa ba. Wataƙila na gaban zai yi. Akwai masu yi, har da waɗanda ba su da lasisi, suna aron hatimin wasu ana raba kuɗi. Su ne suka karya farashin aikin, suka sa ake wa sana'ar kallon buga tambari. Amma kasuwa tana da ido. Jami'an banki sun san hatimin da in sun gani sai sun sake bincike. Masu haraji ma sun sani. A hankali sai a san akantan da takardarsa ke wucewa ba gardama, kuma shi manyan 'yan kasuwa ke nema in abu ya yi tsanani. Sai dai ba a kai wa nan a shekara ɗaya. Shi ya sa na ce a tara masu biya wata-wata. Wanda ya san kuɗin hayarsa na tafe, bakinsa ya fi iya furta a'a.

Kuma ƙin ba yana nufin kora ba. Ka ce wa ɗan kwangilar, Alhaji, na jibi dai ba zai yiwu ba. Amma zo mu ɗauko bayanan banki, mu gina littafi na gaskiya, domin wata kwangilar ta same ka a shirye. Wani zai yi fushi ya fita. Wani zai dawo.

Wani abu kuma da ake mantawa. Wanda ya rubuta littafi ba shi ne ya dace ya bincike shi ba. In kai ke riƙe wa kamfani lissafi kullum, bar wani ya yi masa odita. In kuma aka kawo maka aikin da wani akanta ke yi a da, ka rubuta masa tukuna, ka ji ko akwai dalilin rabuwarsu. Ladabin sana'a ne, kuma sau da yawa a nan ake jin abin da maigidan bai faɗa ba.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, kalma ɗaya ga 'yan kasuwa. Alhaji, Hajiya, in za ku ɗauki akanta, ku tambaye shi ƙungiyarsa da lambarsa da lasisinsa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ku ba shi takardu cikakku, kada ku ɓoye masa rabi sannan ku ce ya yi kuskure. Ku biya shi hakkinsa a kan lokaci. Ku kuma fara tun yau, ko da littafin ɗari biyar ne, a rubuta shiga da fita kafin a rufe shago.

Ku kuma matasan da ke shirin kafa allo, Allah Ya sa albarka, Ya kawo kasuwa, Ya tsare maku hannuwanku. Iyaye, ku taya su da addu'a da haƙuri, domin shekarun farko akwai ja.